Daga Sauti Biyar Zuwa Bakwai: Tushen Ilimin Kiɗa ga Mai Koyon Jitar Jaz a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Tsakure

Darussan koyon jitar jaz da ke yawo a intanet an tsara su ne domin ɗalibin da ya tashi cikin kiɗan fiyano, wanda kunnensa ya saba da jin sautuka uku ko huɗu suna tashi tare. Shi ya sa suke fara masa da haddar kod, su jinkirta kari da ƙirƙira. Ra'ayin wannan takarda shi ne ɗalibin arewacin Zamfara a juye ya kamata a bi da shi. Kari da amshi da ƙirƙira nan take yana da su tun daga gida. Abu biyu ne baƙi a wurinsa: sautuka biyun da tsani mai hawa biyar bai ƙunsa ba, da ƙidayar awo wadda ba ta jiran jagora. Takardar ta nuna inda waɗannan suke a wuyan jita, ta kuma kawo jerin da ya fi dacewa a koyar da su.

Gabatarwa



Jita baƙuwa ce a ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Galibi a majami'u ake ganinta, sai ɗakunan wasu ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura. Masu situdiyo kuwa fiyano da kwamfuta sun ishe su. Amma kunnen matasa ya riga hannunsu saninta. Kiɗan jitar Abzinawa, irin na Bombino da Mdou Moctar, ya daɗe yana tafiya daga waya zuwa waya, kuma shi Mdou Moctar a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Yaron da wannan kiɗa ya ja har ya samo jita, ya shiga YouTube neman malami, ba ya jimawa yake faɗawa hannun masu koyar da jaz. Nan za a tare shi da jadawalin kod shafi-shafi, kowanne da lambobi a wutsiya. Kafin wata ya zagayo jita ta koma bayan ƙyaure. A ganina jerin darasin ne ya kayar da shi, kuma shi nake son mu duba. Hukuncin kiɗa a shari'a fagen malamai ne, takardar ba ta shiga can ba.

Jaz ya tashi ne a birnin New Orleans na Amurka a farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, kuma faifansa na farko ya fito a 1917. A rukunonin farko banjo ke riƙe kari, shi kuwa banjo jikan molayen Afirka ta Yamma ne, dangin molo da garaya da gurmi. Jita ta karɓe masa wuri wajen 1930, sannan ta fito fili da muryarta lokacin da Charlie Christian ya shiga rukunin Benny Goodman a 1939 ɗauke da jita mai lantarki. Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya danganta salon buluz, wanda jaz ya sha nononsa, da ƙasashen Sudan ta yamma da ta tsakiya, har ya kawo kiɗan goge na Hausawa cikin hujjojinsa. Mafi kusa da mu shi ne Yusef Lateef, mabushin jaz na Amurka, wanda ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya bi sarewar Fulani, kuma shi da Ziky Kofoworola suka fitar da Hausa Performing Arts and Music a 1987. Gwanin jaz ne ya zo ɗaukar karatu a ƙasar Hausa, ba kawo mana ya yi ba.

Abin da ɗalibi ya zo da shi

Wannan yanki ba ya buƙatar a koya masa kari. Tubali, garin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa Amadu, tana ƙasar Shinkafi. Kassu Zurmi, mawaƙin 'yan tauri da mafarauta, sunansa ya faɗi ƙasarsu. Yaron da ya tashi a nan, ko bai taɓa riƙe kayan kiɗa ba, ya ji waɗannan a rediyo da tasha da bakin kasuwar Alhamis ta Shinkafi.

Rangajin jaz, wanda littattafai ke ɓata shafuka wajen bayaninsa, abu ne mai sauƙi: a kasa bugu ɗaya kashi uku, sautin farko ya ci kashi biyu, na biyu ya ci ɗaya. Ɗalibin Turai yakan sha wahala kafin ya daina rabawa daidai-wa-daida. Namu ya saba da kiɗan da bugunsa ke rabuwa uku. Abin da zai ƙara kawai shi ne tafi a bugu na biyu da na huɗu maimakon na ɗaya da na uku. Mai jita Freddie Green ya yi shekara 50 a rukunin Count Basie, daga 1937 zuwa 1987, aikinsa kaɗa kod sau huɗu a kowane awo, da wuya a ji shi yana kiɗan tilo. Aikin ɗan amshi ke nan, kuma rukunin ba ya tafiya sai da shi.

Haka tsarin waƙa. Da kalmomin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daidaita a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, akwai gindi, akwai ɗiya, akwai jagora da 'yan amshi masu karɓi da ƙari da karɓeɓeniya. Makaɗan jaz suna buɗewa da gindi, kowa ya kawo ɗansa bi da bi, su rufe da gindi. Har musayar awo huɗu-huɗu da suke yi da mai ganga karɓeɓeniya ce. Ita ma ƙirƙira ba daga sama take faɗowa ba. Makaɗin kalangu yana da taken mutane da kirari da guntayen jimloli a kansa, yana matse tsirkiyoyi a hammata fata ta ɗaga murya, ya saki ta sauka, har kalangun ya faɗi magana, saboda Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa da mai faɗuwa. Idan wani ya shigo fili sai ya jero abin da ya dace da shi. Mai jita Wes Montgomery haka ya koya: ya haddace kiɗan Charlie Christian daga faifai da kunne, yana kaɗawa da babban yatsa, kafin ya fara jera nasa.

Sai dai kama da wane ba ta wane ba ce. Jagoran waƙar baka shi ke da ikon tsawon ɗa. In ya ga dama ya ja, in ya ga dama ya taƙaita, 'yan amshi suna jiran alamarsa kafin su koma gindi. A jaz awo ne sarki. Zagayen buluz awo 12 ne, na yawancin tsofaffin waƙoƙi awo 32, kuma kod zai sauya a lokacinsa ko mai ƙirƙira ya gama jimlarsa ko bai gama ba. Nan ɗalibinmu yake yawan ɓata, kuma malamin da bai san daga inda ya fito ba sai ya ce ba shi da kari, alhali ƙidaya ce bai saba da ita ba.

Wuyan jita da tsani

Jita tana da tsirkiya shida. Daga mai kauri, wato ta shida, zuwa siririya, ana ɗaure su a kan E, A, D, G, B, E. Ƙarafan da aka gitta a wuyanta sun raba shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa rabin taki ce, gaɓa biyu taki ɗaya. Tsirkiya ta biyar a sake tana girgiza sau 110 a daƙiƙa. In aka danne ta a gaɓa ta 12, wato tsakiyarta daidai, sai ta koma 220, kunne ya ji sautin farko ne ya dawo da siririyar murya. Wannan nisa shi ne zango ɗaya, kuma duk kiɗan da za a yi cikin gaɓoɓi 12 ɗin nan yake.

Babban tsani yana ɗaukar bakwai daga cikinsu. In an fara daga C, su ne C, D, E, F, G, A, B, tazararsu taki, taki, rabi, taki, taki, taki, rabi. Daga nan littattafai ke farawa. Ni ina ganin a fara da biyar: A, C, D, E, G. A ɗora hannu a gaɓa ta 5. Tsirkiya ta shida a danna 5 da 8, ta biyar da ta huɗu da ta uku 5 da 7, ta biyu da ta ɗaya 5 da 8. Akasarin abin da ake ji a goge da kukuma da gurmi a kan hawa biyar irin waɗannan yake tafiya, haka kiɗan Ali Farka Touré na Mali, wanda ya ɗauko salon molon garinsu ya ɗora wa jita. Ɗalibi da ya sami wannan siffa, a ranar zai fara lalubo waƙoƙin da ya sani da kansa. Wannan lalube shi ne darasi, kada malami ya katse shi.

Sauti biyun da babu

A nan ne zuciyar takardar take. A ajiye tsanin bakwai kusa da na biyar a ga me aka cire: F da B. Su biyun ne kaɗai ke kawo rabin taki cikin tsani, F tana manne da E, B tana manne da C. Tsakaninsu kuma gaɓa shida ce, rabin zango cif, tazarar da kunne ba ya iya zama a kanta. Tsanin biyar ba shi da rabin taki, ba shi da wannan tazara, shi ya sa kowane sauti nasa yake zaune lafiya da ɗan'uwansa, makaɗi ya yi ta zagaye a gida ɗaya tsawon dare ba a gaji ba. Tafiyar jaz kuwa daga wannan rashin zama take samun ƙarfinta.

Ana gina kod da ɗaukar sauti a tsallake na gaba. Daga C a sami C, E, G, B, ana rubuta shi Cmaj7. Daga D a sami D, F, A, C, wato Dm7. Daga G a sami G, B, D, F, wato G7. Da yake D ce ta biyu a tsani, G ta biyar, C ta ɗaya, makaɗa suna kiran jerin Dm7, G7, Cmaj7 da biyu-biyar-ɗaya. Babu jerin da ya kai shi yawa a jaz. Waƙar Autumn Leaves, wadda Joseph Kosma ya tsara a 1945, kusan gaba ɗayanta shi ne yake maimaituwa.

Cikin sautuka huɗun kowane kod, wato tushe da na uku da na biyar da na bakwai idan aka ƙirga tsani daga tushen, ba duka ne ke da nauyi ɗaya ba. Tushe mai kaɗa bes zai riƙe shi. Na biyar ana iya zubar da shi ba a yi asara ba. Na uku da na bakwai su ne ke faɗin ko wane iri ne kod. Ga yadda za a nuna wa ɗalibi a aikace. Malami ya riƙe tushe: D, sannan G, sannan C. Ɗalibi ya ɗora manuni a tsirkiya ta huɗu gaɓa ta 3, F ke nan, wani yatsa a tsirkiya ta uku gaɓa ta 5, C ke nan. Ya tsinke su tare, Dm7 ya fito. Sai yatsan tsirkiya ta uku ya ja baya gaɓa ɗaya zuwa 4, C ta zama B, manuni bai motsa ba. Yanzu F da B ne a hannunsa, G7 ke nan, kuma a bar shi ya daɗe a kai har ya ji abin yana cizon kunnensa, kamar mai ɗauke da tulu da ya hango ƙofar gida amma bai sauke ba. Sannan manuni ya ja baya gaɓa ɗaya zuwa 2, F ta zama E, B tana nan. Cmaj7 ya fito, an sauke. Kod uku, yatsu biyu, kowane mataki yatsa ɗaya ne ya motsa gaɓa ɗaya.

Wanda ya ji wannan a kunnensa ya kama abin da jadawalin nan mai shafuka yake ta kewayawa. Lambobin 9 da 11 da 13 da ke wutsiyar kod ado ne da ake ƙarawa a sama. Har dabarar da ake ɗauka ta manya ce, ta sa Db7 a gurbin G7, daga nan ta fito: shi ma Db7 sautukansa na uku da na bakwai F da B ne, sun yi musayar matsayi kawai, don haka yatsun ɗalibi ba za su motsa ba, tushe ne zai sauya. Ga mai cewa hannunsa ya yi ƙanƙanta, Django Reinhardt gobara ta nakasa masa yatsu biyu na hagu a 1928, kuma da biyun da suka rage ya yi yawancin kiɗan tilon da ake koyi da shi har yau.

Abin da ke tsakanin gaɓoɓi

Goge ba shi da gaɓa, haka kukuma da molo da kuntigin Ɗanmaraya Jos. Yatsa yana sauka inda kunne ya ce. Jita kuwa an yanka mata zango kashi 12 daidai-wa-daida, kuma wannan yanka sulhu ne aka yi domin a iya kiɗa daga kowane tushe. Masana suna auna zango da ɗigo 1,200, kowace gaɓa 100. Babbar uku a jita ɗigo 400 ce, amma wadda tsirkiya ke bayarwa bisa ɗabi'arta 386 ce. Ƙaramar uku a jita 300, ta ɗabi'a 316. Ƙaramar bakwai a jita 1,000, ta ɗabi'a 969.

Mawaƙan buluz ba su taɓa yarda da yankan nan gaba ɗaya ba. Ukunsu tana yawo tsakanin 300 da 400, kuma mai jita yana samunta ne da ture tsirkiya. A siffar gaɓa ta 5, a danna C a tsirkiya ta uku, a ɗan tura ta sama kaɗan, kada ta kai C#. Akwai kuma Eb da ake ratsawa ta kanta tsakanin D da E. Ɗalibin da ya fito daga fiyano sai an yi ta fama da shi kafin ya yarda cewa wannan ba kuskure ba ne. Namu zai gane shi nan take, don muryar goge ce. Abin da nake tsoro ma shi ne kada malami ya gyara masa abin da bai lalace ba. Fiyanon situdiyo da manhajar daidaita murya sun riga sun fara jan mawaƙan zamani zuwa kan gaɓoɓi 12, kuma ba na son ajin jita ya zama wani wurin goge wannan gado.

Jerin koyarwa

Bayan tafi da tsanin biyar, waƙar farko da zan ba ɗalibi ita ce So What ta Miles Davis, daga faifan Kind of Blue na 1959. Awo 32 ce, amma kod biyu kawai gare ta: Dm7 awo 16, a hau gaɓa ɗaya awo 8, a dawo awo 8. Zama ne a gida ɗaya irin wanda ya sani, ga kuma ƙidaya da dole ya riƙe, don in ya shagala zai ji kowa ya hau ya bar shi. Sautuka biyar ɗinsa na gaɓa ta 5 duk sun dace da Dm7. A nan za a shigo masa da baƙin biyu ɗaya bayan ɗaya, F a tsirkiya ta biyu gaɓa ta 6, B a tsirkiya ta ɗaya gaɓa ta 7, ya ɗanɗana kowanne kafin a ce masa ga aikinsa.

Sai buluz mai awo 12 daga A: A7 awo huɗu, D7 biyu, A7 biyu, E7 ɗaya, D7 ɗaya, A7 biyu. A nan ma yatsu biyu sun isa. Tsirkiya ta huɗu gaɓa ta 5 da ta uku gaɓa ta 6 su ne A7. A ja siffar baya gaɓa ɗaya ta zama D7, a tura ta gaba ɗaya ta zama E7. A rera jimla awo biyu da baki, jita ta amsa awo biyu. In jimlar Hausa ce, a lura kada rauji ya karya karin kalma. Bayan wannan ne biyu-biyar-ɗaya zai shigo, a sa shi a awo na 9 zuwa na 11 kamar yadda makaɗan jaz ke yi, daga nan a wuce Autumn Leaves. Karatun rubutun kiɗa ya zo daga baya. Yana da amfani ga mai son aiki da rukuni, amma ba shi ne ƙofa ba.

Akwai dalilin ƙasa da ya sa na nace kan hanyar da kunne da yatsu biyu suka isa. Wutar lantarki ba ta da tabbas, tsirkiya in ta tsinke sai an aika Gusau ko Kano, kuma mun ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro. Darasin da ya dogara da intanet a ranar ya tsaya. Wanda ɗalibai biyu za su yi a zaure, ɗaya na riƙe tushe ɗaya na motsa yatsa, ba ruwansa da sabis.

Aikin da nake roƙon sassan nazarin Hausa su ɗauka shi ne awo. Manhajar ɗaure jita da ake sakawa a waya tana nuna ɗigon sauti. A zauna da masu goge da kukuma da molo na ƙasar Zurmi da Moriki da Shinkafi, har da waɗanda rashin tsaro ya kora zuwa Ƙaura da Gusau, a ɗauki kiɗansu da izininsu, a rubuta inda ukunsu da bakwansu ke sauka a kowace waƙa, tare da sunan waƙar da wanda aka yi wa ita. Da waɗannan lambobi ne za a rubuta littafin jita na farko da Hausa, wanda darasin ture tsirkiya a cikinsa zai ce wa ɗalibi ya tura har inda gogen garinsu yake kaiwa.